Gajiyar Barmo Maginin Rumbu

A Tajaye, in ka ga rumbu mai ƙaton ciki, sumul kamar tulu, ba sai ka tambaya ba, hannun Barmo ne. Tun yana saurayi yake kwaɓa ƙasa, kuma mutum ne da bai iya zama ba. Ko gayyar wa aka kira, shi ne na farko a gona, shi ne mai tsokanar na baya. Matarsa Tsahara ta sha ce masa, "Kai dai ko barci da gaggawa kake yin shi."

To, a damanar 2005 zazzaɓi ya kayar da shi. Zazzaɓin ya tafi, ƙarfi kuwa ya ƙi dawowa. Ya yi barci ya tashi kamar wanda ya yini dakon albasa. Wata rana sai ya wayi gari garau, har ya taɓa aiki, kashegari kuma ya zube, ko ludayin fura ya fi ƙarfinsa.

Aka kai shi asibiti a Ƙonni, aka ɗebi jini, ba a ga komai ba. Wani likita mai haƙuri ya ce da alama sojojin jininsa da suka tashi yaƙar zazzaɓin ne har yanzu ba su ajiye makamai ba. Ya ce ko a ƙasashen waje ana kan binciken abin, magani dai babu tukuna, sai aiki kaɗan, hutu da yawa. Barmo ya ce, "Lalle sojojin nan nawa ne, su ma ba su iya zama ba."

Ita Tsahara, Allah sarki, son mijinta take kamar me, ga ta da son rufin asiri. Ran da ya zube, sai ta saki asabari, duk wanda ya yi sallama ta ce yana barci. Ran da ya ji dama kuwa, ta kai masa ruwan wanka, ta fito da wankakkiyar riga, ta shafa masa turare, ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida. Ba ta yarda ko kaza ta ga maigidanta a wulaƙance ba.

Mutanen gari kuma abin da ido ya nuna musu suka ɗauka. Ga mutum fes, yana ta barkwanci, amma ba ya aiki. Sai aka fara cewa Barmo ya ɗanɗana zama ya ji daɗi.

Da damana ta sake kewayowa karo na biyu, ciyawa ta shaƙe geronsa. In ba a nome ba, gidan ba shi da abin ci bana. Tsahara ta je wurin wan mijinta Alkasum, ta durƙusa, ta roƙi a kira gayya.

Alkasum ya ce, "Haba Tsahara! Gayya ta tsoho ce da marar lafiya. Da wane baki zan tara mutane saboda mai ƙamshin turare?"

Maganar ta soke ta, don a nan ta gane ita ce da hannunta ta jawo wa mijinta sunan rago. Shi kuma Barmo da ya ji, sai zuciya ta ɗebe shi, ya saɓi hauya ya yini a gona. Kashegari ko juyi ya kasa.

Ta tsaya a kansa ta ce, "Maigida, yau sai dai ka yi haƙuri da ni."

Ya gane nufinta. Da ƙyar ya ce, "Kada ki bari a gan ni haka."

Ba ta saurare shi ba. Ta je ta taho da Alkasum har cikin ɗaka, ta naɗe asabari haske ya shigo. Ga Barmo kwance, leɓe a bushe, yana miƙa hannu ga ƙwaryar fura, hannun yana faɗuwa a hanya.

Alkasum ya matso kusa da shi. Ya zauna a ƙasa, ya tallabo kan ƙanensa a cinya, ya riƙa ba shi furar da ludayi. Bai ɗago ba ya ce, "Duk tsawon lokacin nan, ke kaɗai kike ɗaga shi?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai kuka ya zo mata, irin wanda ba ta taɓa yi a gaban kowa ba.

Alkasum ya kwantar da shi a hankali, ya fita, ko takalmansa bai tuna ba. Daga cikin ɗaki suna jin muryarsa, yana bin ƙofofi yana kiran maza da sunayensu, kowa ya fito da hauyarsa.