Sistar da Ta Hana a Ɗauki Hoton Gashin Auta

Tun masu goge-goge ba su gama da barandar asibiti ba za ka ji takun takalminta na roba. Ta sa koren kaya, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta jera almakashi da wuƙa da zaren ɗinki a kan tire, kowanne a wurinsa. Taɓa mata tiren nan ka ga yadda ake faɗa ba tare da ɗaga murya ba! Sista Babba kenan, ma'aikaciyar jinya ta ɗakin tiyata, wadda ta ajiye aiki a watan jiya. Yawancin waɗanda ta yi wa hidima ba su san fuskarta ba, don suna barcin allura take aikinta, kafin su farka kuma ta koma kan wani.

Mai tura gadon marasa lafiya ya ce mini bai taɓa ganin ta bar mutum ya yi barci ba tare da ta riƙe masa hannu ba. Wani likita kuma ya ce ranar da ya fara yin tiyata, sai ta sa masa almakashi a tafi, ta ce a hankali, "Ja numfashi, Likita, ina nan."

Ni kuwa abin da na gani da idona zan faɗa.

Auta 'yar ƙanena ce, tana 'yar sha huɗu lokacin. Ciwon ciki, amai, ga rama har sai da siket ɗin makaranta ya koma faɗo mata. Da aka yi hoto, aka ga wani dunƙule ya cika mata tumbi. Likita ya lallaɓa ta, sai ta faɗa cikin kuka: in damuwa ta kama ta, takan tsige gashin kanta ta haɗiye, kuma ta jima tana yi a ɓoye. Gashi ba ya narkewa a ciki, taruwa yake yi ya cure. Ba makawa sai an buɗe an cire.

Ranar aikin, dangi muka cika baranda. Likita ya fito ya ce an yi nasara, muka yi ta hamdala. Sai ga Sista Babba da kwanon silba a hannu, rufe da koren ƙyalle. Kawun Auta, mutumin da ko atishawa ka yi sai ya ɗauke ka hoto, tuni ya zaro waya.

"Sista, buɗe mana mana, hoto ɗaya tak. Mutane sun dame ni da tambaya."

"Kawu, mayar da wayarka aljihu."

"Haba Sista, 'yata ce fa!"

"Shi ya sa ai," in ji ta. "Hoton nan in ya shiga wayarka, sai ya riga ta zuwa makaranta. Mu mun cire mata gashi. Wa zai cire mata sunan da yara za su laƙa mata?"

Kawu ya mayar da wayarsa aljihu. Ta ja uwar da uban zuwa wani ɗan ɗaki, ta nuna musu su kaɗai, ta rufe. Ni da nake gwaggo guda ban gani ba har yau, kuma ga ni nan ban mutu ba.

Da Auta ta farfaɗo, ba ruwa ta fara nema ba. Ta kama hannuna ta ce, "Gwaggo, kowa ya gani, ko?" Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Ashe wannan tsoron ya fi mata ɗinkin ciwo. Sista ta leƙo bayan ta tashi aiki, jakarta a kafaɗa, ta zauna bakin gado ta ce, "Daga mamanki sai babanki. Labarin naki ne, 'yata. Ranar da kika ga dama ki faɗa, in ba ki ga dama ba ki bar shi."

Ƙanena kuwa da zafin kansa cewa ya yi aske mata kai zai yi ƙwal a huta. Sista ta tare shi a ƙofa. "Baban Auta, cuta ce fa, ba taurin kai ba. In ka aske gashin ka bar damuwar, nan za ku dawo mana. Ku kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwar da aka tura ku." Ya yi ta gunaguni, amma ya kai ta.

Sista, ke ce mai rufin asiri. Ke ce kika san cewa aikin tiyata ba ya ƙarewa da ɗinkin ƙarshe. Auta ta koma ajinsu, abin da 'yan ajin suka sani kawai shi ne an yi mata aikin ciki. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu aikin asibiti, da mu dangi masu saurin zaro waya, mu yi koyi da ita.

Kada ku ce gwaggo ta tona abin da Sista ta rufe. Sai da na je har gidan Auta na nemi izini. Malamar makaranta ce yanzu, da 'yarta a cinya. Ta ce, "Rubuta, Gwaggo. Akwai wata yarinya a ajina da hannunta ba ya barin kanta. Gobe ni da bakina zan ba ta labarina."