Allurar da Ta Ƙi Tashi

A shekarun da arzikin fetur ya cika hanyar Birnin Kudu da motoci, na sauke injin a-kori-kurar wani Alhaji ɗan Farin Dutse. Na aika kiranshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, Kano aka gyaro, na sa sababbin boris, na ɗaure. Da na juya shi da hannu ya tafi sumul, har na yi wa kaina kirari.

Bayan kwana biyu direban motar ya dawo daga Gwaram. Ya ce, "Malam, da inji ya yi zafi sai allurar baƙin mai ta kwanta."

Raina ya ɓaci. Na canja geji, na canja famfon mai, duk a banza. Na kasa zaune na kasa tsaye. Ko a sahun salla allurar nan nake gani. Sai na ce wa Alhaji direbansa ne bai iya tuƙi ba. Alhaji ya karɓe makulli, ya sallame shi.

Sabon direba ma ya dawo da maganar. Na kwance inji, na shimfiɗa takardar sigari tsakanin boris da kiranshaf, na ɗaure. In babu rata, kamata ya yi kiranshaf ya cije. Har ninki uku na sa, yana juyawa abinsa. Ashe a Kano rage masa kauri aka yi, ni kuwa ban auna ba, mai yana zurarewa ta ratar.

Motar a yini ɗaya na gyara ta. Direban farko kuwa, da na je Farin Dutse nemansa, aka ce ya kwashe iyalinsa ya bar garin.