Bangon da Ke Kallon Ƙofa

A gidanmu na Ƙofar 'Yandaka maza kwano ɗaya suke ci, a zaure. Akwai buzu a jikin bangon da ke kallon ƙofa, nan Baba yake zama. Da ya rasu wurin ya zama nawa, don ni ne babba. Ƙanena yakan zauna gabana, bayansa ga titi, yana tsokanata wai ina ɓoye nama a ƙarƙashin loma.

Ya shiga soja, aka tura shi gabas wurin yaƙi. Saboda shi na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, don na gaji da miƙa wayata a karanta mini saƙonsa a shagon da nake ɗinki. Kafin in iya haɗa jimla aka sallame shi, da rauni a ƙugu.

Ranar farko da aka kawo tuwo, na shigo na same shi a kan buzun. Na ce a raina baƙo ne, na zauna gabansa. Washegari haka. Har sati biyu. Ba hira, ba tsokana, idonsa kullum yana bisa kafaɗata. Rannan maƙwabcinmu ya leƙo, ya yi dariya ya ce, "Malam, juyin mulki aka yi a gidan nan?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Da aka kawo abincin rana na ce, "Tashi daga nan. Soja a bariki kake. Nan kana da wa."

"Yaya, bar ni nan."

"Na ce ka tashi."

Ya tashi ya koma wurinsa na da. Loma biyu ya yi, wani mai babur ya taka birki a ƙofa. Loma ta kuɓuce wa ƙanena, miya ta zuba a rigarsa, zufa ta keto masa. Na ɗauka fushi ne. Ya wanke hannu ya fita. Kafin sati ya kama ɗaki a unguwar Kambarawa.

Bayan watanni wani tsohon soja ya kawo ɗinki, na yi masa ƙorafin ƙanena. Sai ya ce, "Ba buzu yake so ba, Malam, bango yake so. Ni har yau ba na ba ƙofa baya."

Ranar Juma'a na naɗe buzun, na ɗauki kwanon tuwo na tafi Kambarawa. Na same shi zaune a kusurwa.

"Mayar da shi, Yaya. Wurin Baba naka ne."

"Mi ya hana ka faɗa mani?"

"In ce maka mi? Ƙofar gidan ubana nike tsoro?"

Na buɗe kwanon a tsakaninmu. Ya ɗauko faranti ya ɗebi nasa, ya ja gefe. Tun muna yara ban taɓa ganin an raba mana tuwo ba. Na ci nawa, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Buzun yana nan a jikin bango. Ni yanzu bayana ga titi nake zama. Duk Juma'a nakan rubuta masa da hannuna, baƙi bayan baƙi: "An kawo tuwo." Yakan amsa, "Na gode, Yaya." Sai in jira har miyar ta huce, sannan in ci.