Durumin Tsoho a Garwar Kananzir

Tsoho ɗan ga-ruwa ya iso Makka da ƙafa daga ƙasar Kazaure tun kafin babban yaƙin Turawa, ya sauke farali, ya ce gobe zai koma gida. Goben ce ta kai shi furfura a unguwar Tandabawi da ke Makka, yana hawa da sauka da garwa biyu a kafaɗa.

Babu abin da ya tsaya masa a rai irin itace. A garinsu, magidancin da ba shi da inuwa a ƙofar gida ba ya cikin lissafi. Ƙarƙashin durumin ubansa ake shimfiɗa tabarma ranar Sallah, jama'a su zo gaisuwa. Nan kuwa dutse ne ta ko'ina. Ya shuka ƙwallon kuka, ya ƙi. Ya shuka tsamiya, akuya ta yi buɗa-baki da ita. A ƙarshe ya tsinci garwar kananzir da ta huje, ya dasa ɗoɗɗoya, wadda Larabawa ke kira raihan, ya raɗa mata suna Durumi.

Wannan fa shi ne mutumin da ya taɓa ganin wani Bature a Sudan ya shigar da itace cikin ɗaki ya rataya masa ƙyalƙyali don Kirsimeti, ya yi dariya har da riƙe ciki. To, ga shi kowace ƙaramar Sallah yana fito da garwarsa, ya ɗaura wa rassan tsummokin atamfa da alewa, ya harɗe a gefe. Inuwar ba ta rufe ko tafin ƙafarsa, amma mutane na zuwa, ko don su yi dariya. Shi dai an zo.

Abokiyar gabar Durumi ita ce Saudatu, matarsa, wadda ke kallon ganyen da idon miya. Sai Tsoho ya yi wa kansa rawanin malanta.

"Tsiron Harami ne, ba a tsinkarsa. Wanda ya taɓa, fidiya ta hau shi."

"Malam, wannan hukuncin na abin da ya fito da kansa ne. Wannan kai ka shuka."

"Halas, magana ta ƙare! Da izinin wa ya fito? Da izinina?"

Haka ta haƙura shekara da shekaru, tana sayen ganye a kasuwa alhali ga shi a tsakar gidanta yana shan ruwan alwalar maigida.

Wata shekara azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Zazzaɓi ya kwantar da Saudatu, bakinta ya mutu. An kawo shurba, romon Larabawa, ta kau da kai. An kawo kunu, ta ce ɗaci. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Tsoho ya tsorata ƙwarai, ko da yake bakinsa bai yarda ba. Ranar jajibere ta ce a hankali, ba tare da ta dube shi ba:

"Da dai miyar ɗoɗɗoya ce irin ta innata, ɗanyen ganye, da na iya haɗiya."

Ya sauka kasuwa. Masu hidimar Sallah sun kwashe raihan kaf, sai busasshen kara. Ya dawo ya tsaya a kan garwarsa. Durumi bai taɓa yin kyau irin na wannan shekara ba, har an riga an ɗaura masa tsummokinsa. Tsoho, babban malamin Tandabawi, ya daɗe tsaye, sannan ya tsuguna ya fara tsinka, yana ƙunƙuni.

Da aka sauko daga Idi, ya fito da garwar kamar kullum. Tsinke ne tsirara, da tsumma a wuya. Dawuda tela, maƙwabcinsa, ya iso yana gyara hula, ya yi masa barka da Sallah da Larabci.

"Minal a'idin, ya shaihu! Subhanallahi, fari ne suka sauka a dajin naka? Ina fatawar?"

"An yi sassauci," in ji Tsoho.

"Wane malamin ya bayar?"

Tsoho ya karkata kunne wajen ƙofa. Daga ciki ana jin ƙarar cokali yana kankare gindin kwano, sannan wata siririyar murya ta ce gishirin ya yi yawa, kuma ko akwai saura.

"Ga shi can yana magana," ya ce, ya goge ido da hannun riga. "Matso ka shiga inuwa, rana na dukanka."