Bugun Dama da Bugun Hagu

Na daɗe ina koyar da nazarin waƙa a wata sakandare a Nguru, amma ban taɓa gamuwa da ɗalibi mai taurin kan mahaifina ba. Masunci ne a Gashuwa, yana rubuta waƙoƙinsa da ajami. Wata rana na ɗauko wadda ya yi wa kogi, na juye ta da boko a littafina, na sa jan biro ina ƙirga gaɓoɓi kamar yadda nake wa 'yan aji. Amsa-amon lafiya lau. Sai dai kowane ɗango na uku yakan ce "ruwa na zuwa" har sau biyu. Na soke ɗaya, na ce, "Baba, maimaicin nan ba shi da aiki, nauyi kawai yake ƙara wa karin."

Ya ce, "Malama, ke a kan tebur kika auna, ni a kwalekwale. Na farkon bugun dama ne, na biyun bugun hagu. Cire ɗaya ki ga yadda jirgi zai yi ta kewayawa da ke."

Na yi dariya, ban kuwa mayar ba.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Wata biyu ko sunana bai kira ba. Tsorona ɗaya ne, kada ya zama gangar jikin kawai ta rage mana. Wata Asabar na shiga motar Gashuwa, na same shi a inuwar darbejiya, Inna tana ba shi kunu. Sai na buɗe littafin na fara rera masa waƙar yadda na gyara ta.

Hannunsa mai lafiya ya soma bugun tabarma daidai da karin. Da na zo ɗango na uku, na ce "ruwa na zuwa" sau ɗaya zan wuce, sai hannun ya tsaya cak a sama. Ya galla mini harara irin tasa ta da. Leɓensa ya yi ta rawa, can da ƙyar, harshe a karye, ya ce, "Ruwa... na zuwa."

Ludayin Inna ya faɗi. Ni kuwa ga hawaye ga dariya, kunya kuma ta rufe ni. Ashe yana nan, har da gardamarsa.

Na koma farko. Duk inda muka iso ɗango na uku, sai in yi bugun dama, in yi shiru in jira nasa.