Ranar da Kawu Sabo ya ƙi zaɓar ɗan mai masana'anta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna Alhaji Sabo, amma duk sanda na tuna shi, a bakin wani fili a Shiling, garin masu ɗinkin jaka a ƙasar Sin, nake ganinsa, ya naɗe hannun riga.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina bin sa Guangzhou sarin jakunkuna. Mai masana'antar da muke saye a wurinsa, mutumin Taiwan ne, muna ce masa lawban, wato maigida. Mayen besbol ne, wasan nan da ɗaya ke jefo ƙwallo, ɗaya ya maka mata kulki ya ruga. Ya raba ma'aikatansa ƙungiya biyu, suna karawa ran Lahadi. Da ya ji Kawu ya san wasan tun zamansa a Japan, sai ya karrama shi: shi zai zaɓi gwarzon ranar.

Ɗan lawban ya doki ƙwallo har ta tsallake katanga, ƙungiyarsa ta ci. Mu kuwa kayanmu na Sallah suna hannun ubansa, ba a gama ɗinkawa ba.

Na raɗa masa, "Kawu, don Allah ka tuna da jakunkunanmu."

Ya harare ni. "Kai, rufe mini baki. Alƙalanci aka ba ni."

Sai ya nuna mai jifan ƙungiyar da aka cinye. Ya ce wa tafinta, "Cire ɗan lawban, abokansa za su ci duk da haka. Cire wannan, da har magariba 'yan'uwansa suna tsintar ƙwallo."

Lawban ya yi murmushi ya miƙa kyautar, amma daga ranar, duk tambayar da muka yi, amsar ɗaya ce: meyo, babu. Sai bayan Sallah kayan suka sauka Kano. Kawu bai taɓa cewa da na sani ba.

Yanzu ɗana yana nuna mini a waya yadda masana ke auna gwarzo: wasa nawa ƙungiya za ta rasa in an sa wani a gurbinsa. Ikon Allah! Da Kawu na raye, dariya zai yi, ya ce sai yanzu suka iso?

Ban gaji idonsa ba. Amma in aka sa ni raba gardama tsakanin mai ƙarfi da mai gaskiya, gabana faɗuwa yake, don na ga yadda ake yi, na kuma ga abin da ake rasawa. Allah ya jiƙan Kawu.