Abin da Rawanin Baba Ya Rufe

Ni ne ɗan fari a gidanmu na Ƙofar Kwaya, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanena, "Kira mini wancan." A zaure ya koya mini ajami, gwiwata kusa da tasa, amma idonsa kullum yana kan allo. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani. Ni ma na sani, sai dai sanin bai rage mini zafi ba.

Da kullutu ya fito masa a gefen wuya, rawani ya rufe shi wata da watanni. Ƙanena, mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, shi Baba ya kwance wa rawani ya nuna wa. Ni a bakin Inna na ji. Na yi masa rubutun sha, na wanke, na aika. An ce ya sha, ya sa albarka.

A asibiti an fara zaton kaluluwa ce, aka ba shi magani, kumburin bai sace ba. Aka ce ko maƙoƙo ne, hoto ya nuna ba shi ba ne. Aka zuƙi ruwan wurin da allura, ba a gane komai ba. Sai da aka yanki ɗan nama aka aika Zariya, sannan likita ya ce ciwon daji ne na tsoka, irin wanda ba kasafai yake fitowa a wuya ba, shi ya sa aka daɗe ana lalube.

Duk wannan a bakin ƙanena na ji shi. Mutum ɗaya ake bari ya shiga da maras lafiya, kuma Baba bai taɓa waiwayowa wajena ba. Ni ke zama a benci, rawanin a cinyata, ina jan carbi. Ranar sakamako ƙanena ya fito ido jawur. Allah Ya yafe mini, har hawayen nan na ji kishinsu, don ya riga ni ji.

Aka yi aiki, Allah Ya sa aka dace, amma hannun Baba na dama ya daina ɗaguwa sama da kafaɗa. Juma'ar da ya ce sai ya fita masallaci, ƙanena ya yi ta fama da rawani yana warwarewa. Ina tsakar gida na ji Baba ya ce, "Bari haka nan. Kira mini wancan."

Na shiga na durƙusa. Ya kau da fuska wajen bango, ya miƙo wuya. Na ga ɗinkin daga ƙasan kunne har kafaɗa, na bi da ƙyallen a hankali ta kansa. Fatar da ɗumi. Rabon da in taɓa shi tun ina ƙarami.

Da zai tashi, kafaɗar ƙanena ya dafa. Na ɗauki buzun salla na bi su a baya. Amma tun daga ranar, duk Juma'a ni ake kira, kuma ban koya wa ƙanena naɗin ba.